Yadda Gaisuwa Ta Kusa Kayar Da Ni Jarabawar Jinya

Ku yaran yanzu da kuke rububin cika fom ɗin makarantar jinya saboda farin kaya, kuna cewa ai aikin bai wuce yin allura da rubuta kati ba, ku ɗan saurara. Shekara talatin da ɗaya na yi ina wannan aiki kafin in zauna jarabawar da zan ba ku labarinta, kuma saura ƙiris ta kayar da ni a kan abin da nake ganin na fi kowa iyawa.

Aikina na farko a Maradun ne, ƙarƙashin wani tsohon malamin asibiti, Malam Mu'azu, Allah ya jiƙansa. Na zo da takardar shaidata sabuwa fil, hannuna yana ƙaiƙayin riƙe sirinji. A lokacin sirinjin na gilashi ne, allurai kuma na ƙarfe, kullum da safe a tafasa su a tukunya a kan risho, a tsamo su da hantsaki. Ban taɓa ko ɗaya ba sai da na yi wata uku. Benci ya ajiye mini a bakin ƙofa ya ce, "Duk wanda ya zo, gaishe shi." Na ɗauka wulaƙanci ne.

Wata safiya wani Bafulatani ya zo daga wajen Kaya ya ce kansa ke ciwo. Na rubuta ciwon kai, na miƙa shi ciki, ina jin daɗin saurina. Malam Mu'azu bai ko dubi katin ba. Ya kama hannun mutumin ya riƙe, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwa da kiwo, ya sake zagayowa kan gida. Sai a zagaye na uku mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, gaskiya wata biyu ke nan yana fitsarin jini. Tsargiya ce. Da an biye mini, da ya koma gida da maganin ciwon kai. Bayan ya fita Malam Mu'azu ya ce mini, "Mutanenmu ba su faɗin ciwonsu a bakin ƙofa. Kai ko ka tsaya bakin ƙofa da biro."

Daga ranar na gane cewa gaisuwa tana cikin kayan aiki, daidai da ma'aunin zafi da abin sauraron ƙirji. Tafin hannun da ka riƙe yana gaya maka ko da zazzaɓi, ko jiki ya bushe, ko akwai rawar jiki. Kana jin ko mutum zai iya kai "lahiya lau" ƙarshe da numfashi ɗaya. Kana ganin farin idonsa, ko ya yi rawaya ko jini ya yi ƙasa. Kafin ku kai "madalla" ka gama rabin awonka, shi kuma ya yanke shawarar ko zai gaya maka gaskiya.

Na yi yawo bayan haka, na ga yadda wasu suke yi. Na yi shekara uku a Maraɗi, inda likitocin da suka yi karatu da Faransanci suke jefa kalma ɗaya ta gaisuwa su wuce kai tsaye zuwa "ina ke ciwo". Na yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira a gabashin Cadi, inda Larabawan wurin suke jan gaisuwa kamar mu, sai dai su a tsaye suke yi, hannu a kafaɗar juna. Na yi kwas a Ibadan, inda Yarabawa suke da gaisuwa ta musamman har ga wanda yake zaune bai yin komai. Na raka alhazai sau biyu, a can kuwa layi ba ya barin ka ce wa kowa komai. Hausa da Fillanci na sha a nono, Larabci da Faransanci na tsinta a hanya, Turanci na boko ne. A duk waɗannan wurare ban ga inda majinyaci yake ɓoye ciwonsa a ƙarƙashin gaisuwa kamar tsakanin Mafara da Bakura ba.

Shekarar amai da gudawa ce ta tabbatar mini da amfanin abin. Lokacin ina riƙe da ƙaramin asibitin da nake har yanzu, a wani ƙauye kusa da Bakura. Ruwa ya yi ambaliya, rijiyoyi suka gurɓace, gadajenmu huɗu suka cika tun ranar farko. Muka buga ƙusoshi a jikin bishiyar dogon yaro muna rataye ledojin ƙarin ruwa, muka dama ruwan gishiri da sukari a randa. An kawo wata mata daga Morai a amalanke, idanu sun zurma, jijiyoyin hannu duk sun ɓace. Sai a idon sawu na samu jijiya, a gwaji na uku. Da ta ɗan farfaɗo mijinta ya ce zai mai da ita gida, don ba zai bar matarsa kwance a fili cikin maza ba. Wani likita baƙo da aka turo mana ya yi masa bayani da hujja har ya gaji. Ni na ja shi gefe muka durƙusa muka gaisa kamar babu abin da ke faruwa, na tambayi gonarsa ta shinkafa a Bakolori, na tambayi tsohuwarsa da na taɓa yi wa ɗinki. Sannan na ce ya ba ni kwana biyu. Ya ba ni, muka kewaye ta da zana, ta tashi.

To, mai wannan tarihi ne takarda ta iske daga sama, wai duk wanda ke shugabantar asibiti, komai ƙanƙantarsa, sai ya kasance yana da digiri ko yana kan karatunsa. Wanda ya shiga karatun kuma ya faɗi jarabawar farko, zai miƙa makullai a mai da shi sakatariya. Na san abin da wannan ke nufi, tebur a ɗakin ajiyar magani, kana ƙirga kwalaye har ka yi ritaya. Saura mini shekara huɗu in ajiye aiki, karatun shi ma shekara huɗu ne. Wato ranar da zan karɓi digirin ita ce ranar da ba na bukatarsa. Na faɗi haka a ofis, aka ce mini doka ce.

Barin aiki in koma aji ba zai yiwu ba, don haka na shiga karatu daga nesa. Tare muka shiga da Hadiza, ma'aikaciyar jinyar da ke ƙarƙashina, 'yar Mafara, sa'ar 'yata ta biyu. Ita ta cika mini fom, ita ta nuna mini inda ake dannawa. Karatun duk a waya yake. Sabis kuwa a ƙauyenmu sai a kan gaɓar babbar magudanar ruwa, don haka bayan la'asar sai ka gan ni da furfurata a tsaye a can na ɗaga waya sama, manoman albasa suna wucewa suna cewa, "Malam, ko wayar ce ba ta da lahiya?" Malamin da ke koyarwa ba ka ganinsa sai a hoto mai motsi, ba ya jin ka, ba ya tsayawa. A Ibadan na yi karatu a gaban mutane, in ban gane ba in bi malami har mota. Wannan kuwa in ka ce "dakata" sai dai ka danna masa hanci da yatsa.

Abin da ke cikin karatun bai ba ni tsoro ba, yawancinsa na yi shi da hannuna sau dubu. Abin da ya dame ni shi ne amsar da suke so. Za a tambaye ka me za ka fara yi wa mai ciwon suga da ya ƙi bin ƙa'idar abinci, amsa wai ka tura shi wajen masanin abinci. Wane masanin abinci? Ni ne shi, ni ne mai awo, ni ne mai ba da magani, in mai shara bai zo ba ni ne mai shara. Hadiza ta ce, "Baba, ka bar asibitinmu a gida. Ka amsa kamar kana asibitin da ke cikin littahi."

An gaya mana jarabawar kashi biyu ce. Da safe a kwamfuta, da rana ta aikin hannu. Ta aikin hannun tasha shida ce, kowace minti biyar, ana kaɗa ƙararrawa ka bar abin da kake yi ka matsa gaba, kuma sai ka ci huɗu cikin shida. Mako uku muka yi muna gwaji bayan an tashi aiki. Hadiza ta kwanta a matsayin majinyaciya, ta kunna agogon wayarta, ni in yi awo. Kullum cikin minti uku nake gamawa. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, Hadiza yarinya ce, kuma tun safe mun gaisa. Babu dalilin da zai sa in tsaya tambayar ta gida.

Ranar jarabawa muka kama motar farko daga Mafara zuwa Gusau. Ta kwamfutar ta wuce ba laifi, ban da ɗan abin nan da ake turawa da hannu wanda ya yi ta gudu yana bari na. Da rana aka jera mu a baranda, kowa da lamba a ƙirji, ni kaɗai mai furfura.

Na shiga tasha ta farko. Takarda a jikin ƙofa ta ce in auna hawan jinin majinyaciya in rubuta. Wannan ko cikin barci sai in yi. Mai ba da maki tana zaune gefe da allonta, ba ta ɗago ba. A kan kujera kuwa wata dattijuwa ce, sa'ar yayata, an ɗauko ta ta yi kamar marar lafiya. Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, malam. Ina wuni?"

Na ce, "Lahiya lau, Inna. Ina gajiya?"

Ta gyara zama. "A'a! Wanga harshe na wajenmu na. Ina ka hito?"

Na gaya mata.

"Ikon Allah! Ni ɗiyar Bakura ta, aure ya kawo ni nan. Ina mutanen gida? Ina ruwa? An ce bana shinkafa ta yi kyau?"

To ku gaya mini, ku masu cewa aikin da sauƙi, me zan yi? Dattijuwa ta tambayi gidana. Na amsa, na tambayi nata. Ta tambayi wani ɗan ƙanenta mai gyaran babur a bakin kasuwa, ashe na san shi, ni na cire masa ƙaya a ƙafa. Ina riƙe da hannunta, na riga na ji bugun jininta daidai yake, tafinta da sanyi, idonta garau. A raina na gama da ita. Ina cikin naɗa mata abin awo a dantse sai ƙararrawa ta kaɗa. Mai ba da maki ta ɗago a karo na farko ta ce da Turanci, "Na gaba." Takardata fara tas.

Tasha ta biyu mutum-mutumin roba ne, a yi masa allura a cinya. Ban taɓa ƙaunar roba ba kamar ranar, don bai tambaye ni kowa ba. Ta uku lissafin ɗigon ƙarin ruwa ne, na gama kafin rabin lokaci. Ta huɗu wankin miki ne a hannun roba. A kan tebur akwai kwano babu ruwa a ciki, an manna masa takarda an rubuta famfo. Na duba, na ce babu ruwa, na sa safar hannu na ci gaba, na yi ɗaurin da Malam Mu'azu kansa zai yaba. Ashe so ake ka tsaya gaban busasshen kwano kana murza hannu cikin iska kana faɗa da ƙarfi cewa ga shi kana wankewa. Wanda bai yi ba, ya faɗi tashar gaba ɗaya. Na ga lokacin da mai makin ya ja dogon layi. Ni da na yi shekaru ina sa a ɗebo ruwa daga rijiya don kada in taɓa miki da datti, an kayar da ni saboda ban yi wanka da iska ba.

Biyu sun tafi ke nan. Ta biyar awon jariri ne na roba da bayanin ruwan gishiri da sukari, ta wuce lafiya. Na tsaya gaban ƙofa ta shida na yi lissafi, uku a hannu, biyu a ƙasa. Wannan ce za ta raba ni da makullai ko ta bar mini su. Na roƙi Allah ya sa roba ce.

Tsoho ne. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, da farin gemu, da hularsa a gwiwa. Aikin shi ne in auna zafin jiki da bugun jini da numfashi, in rubuta duka uku, kuma biyu daga ciki kowanne yana cin minti guda cur. Ya miƙo hannu biyu yana murmushi.

"Marhaba da malam. Ina wuni? Ina gajiya? Ina..."

Na ce, "Baba, ɗaga hammata."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Na sa ma'aunin zafi, na kama wuyan hannunsa, na kafa ido a agogo. Ya sake gwadawa a hankali, "Ina iyali, malam?" Na ce, "Baba, yi shiru ina ƙirga." Tunda uwata ta haife ni ban taɓa katse gaisuwar babba ba, ko a Jidda inda layi ke kaiwa har titi. Ya kau da kai. Na rubuta lambobina uku, na ajiye biro, ƙararrawa ta kaɗa.

Da aka sallame mu Hadiza ta ce mu yi sauri kada motar Mafara ta cika, don ba a son yamma ta yi wa mutum a hanyar nan. Na ce ta ba ni minti goma. Na zagaya bayan ginin na iske tsohon zaune a inuwa yana cin shinkafar da aka raba musu. Ashe mai ban ruwan furannin wurin ne. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Baba, na zo biyan bashin gaisuwa. Ka yi mini aikin gafara."

Ya dube ni, ya yi dariya har ya ƙware. "Kai na mai hammata! Zamna, zamna. Ai kai ka ci. Tun da sahe aka tara mu aka ce, duk wanda ya shigo ku ja shi da magana, a gani ko ya san lokaci. Wanda ya biye muna, shi ya sani."

Na ce, "Har da Innar tasha ta farko?"

"Ita ta hi kowa iyawa. Ta ce yau ta kama wani babban kihi ɗan garinsu, har tausai ya ba ta."

Mun gaisa dai yadda ya kamata, tun daga gida har jikoki, Hadiza tana tsaye nesa tana nuna mini agogo. A mota ta tambaye ni, "Baba, mi ya hwaru ka yi shiru?" Na ce ta bar ni. Abin da nake juyawa shi ne, likitocin Maraɗi ba su gaisuwa, amma ba su taɓa mai da ita tarko ba. Sai da na dawo gida, cikin masu jin harshena, aka ɗana mini ita.

Bayan mako uku sakamako ya fito. Hadiza ta hau gaɓar magudana ta sauko da shi a wayarta, ta same ni a ofis, marasa lafiya suna jira a benci. Nata ta ci shida cikin shida, wannan ban yi mamaki ba. Na ajiye makullai a kan tebur tsakanina da ita, don in abin ya ɓaci kada sai an tambaye ni. Na ce ta karanta nawa.

Ta farko, faɗuwa. Ta biyu da ta uku, ci. Ta huɗu, faɗuwa. Ta biyar, ci. Sai ta tsaya.

Na ce, "Ta shida fa?"

"Ka ci, Baba. Amma a bakin layi, ko maki ɗaya bai yi saura ba. An rage maka."

"An rage mini? A kan me? Lambobina uku daidai suke."

Ta cije leɓe. "Akwai abin da mai makin ya rubuta a ƙasa."

"Karanta."

Ta karanta da Turanci, sannan ta fassara mini, kamar ban ji ba, don dai ta ji daɗin faɗa sau biyu. "Wai ɗalibi ya iya awo, amma bai gaishe da majinyaci ba. Wai yana bukatar ya koyi yadda ake gaisawa da dattawa."

Na ce ta sake karantawa. Ta sake, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Baba, in kana so, bayan an tashi aiki sai in riƙa koya maka."

Na ɗauke makullaina na zura a aljihu, na ce ta fita ta turo mini na gaba.